Amanar Ilmi: Ƙa'idojin Ɗa'a da Hanyoyin Hana Maguɗi a Mujallun Likitanci

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya kwanta asibiti ya miƙa jikinsa ga likita, to amana ce ya ba shi. Shi kuwa likita, ba duk abin da yake aiki da shi ne ya gwada da hannunsa ba. Mafi yawan saninsa game da amfanin magunguna da illolinsu ya samo shi ne daga rubuce-rubucen wasu masana waɗanda bai taɓa gani ba, suka yi bincike a garuruwan da bai taɓa zuwa ba, suka buga sakamakon a mujallun likitanci. Ke nan amanar da majiyyaci ya ba likita ta dogara ne a kan wata amanar, watau wadda likita ya ba mujalla. Idan aka ci wannan amana ta biyu, ta farko ma ba ta tsira ba.

Manufar wannan maƙala ita ce ta bayyana ire-iren maguɗin da akan yi wajen buga sakamakon binciken likitanci, da dalilan da ke haddasa shi, da kuma matakan da editoci da hukumomi suka ɗauka domin daƙile shi. An zaɓi fagen likitanci ne saboda a nan ne ɓarnar maguɗi ta fi fitowa fili, kuma a nan ne aka fi tsananta ƙa'idoji. Amma malamai da ɗalibai masu nazarin harshe da adabi da al'ada za su ga cewa yawancin matsalolin ba baƙi ba ne a nasu fagen.

2.0 Matsayin Mujalla a Aikin Likita

Mujallun ilmi na farko sun fito ne a shekarar 1665, ɗaya a birnin Faris, ɗaya kuma a Landan. Daga cikin manyan mujallun likitanci da ake ji da su, wadda ake kira New England Journal of Medicine ta samo asali a birnin Bostan na Amurka a 1812, The Lancet kuma Thomas Wakley ya kafa ta a Landan a 1823, sa'an nan wadda ta zama British Medical Journal ta fara fita a 1840.

Hanyar da maƙala ke bi kafin ta fita sananniya ce. Mai bincike ya rubuta abin da ya gwada da abin da ya samu, ya aika wa edita. Edita ya miƙa wa ƙwararru biyu ko uku na wannan fage su tantance, su ba da shawarar a buga, ko a gyara, ko a mayar. Bayan an buga, aikin bai ƙare ba. Akwai masana masu tattara duk gwaje-gwajen da aka yi a kan magani guda, su haɗa alkalumansu wuri ɗaya, su fitar da hukunci. A kan irin wannan hukunci ne ma'aikatun lafiya da Hukumar Lafiya ta Duniya ke gina jagorar da likitoci ke bi, kuma daga nan ne littattafan koyarwa ke ɗiba. Saboda haka maƙala ɗaya ta ƙarya kan shiga cikin lissafi ta gurɓata shi gaba ɗaya, kamar yadda masu iya magana ke cewa, wake ɗaya shi ke ɓata gari.

3.0 Ire-iren Maguɗi

Kafin a shiga bayani, ya kamata a bambance kuskure da maguɗi. Mai bincike na iya yin kuskuren lissafi, ko na'urarsa ta yaudare shi, ko ya fassara sakamako ta fuskar da wasu ba su yarda da ita ba. Duk waɗannan ba maguɗi ba ne. Maguɗi shi ne abin da aka yi da gangan, ko aka yi da sakaci mai muni, domin a nuna abin da ba haka yake ba. Ƙa'idar da gwamnatin Amurka ta fitar a shekarar 2000 ta taƙaita manyan laifuffukan zuwa uku: ƙage, da jirkita sakamako, da satar fasaha. Editocin mujallun likitanci sun faɗaɗa jerin fiye da haka, kamar yadda za a gani.

3.1 Ƙage da Jirkita Sakamako

Ƙage shi ne mutum ya ƙirƙiro alkaluma ko majiyyata waɗanda babu su. Jirkitawa kuwa ita ce ya yi gwajin da gaske, amma ya sauya abin da ya samu, ko ya share wanda bai yi masa daɗi ba. Misalin da ya fi shahara a shekarun 1970 shi ne na William Summerlin na cibiyar binciken sankara ta Sloan-Kettering a Niyok. A 1974 ya yi da'awar cewa ya dasa fatar baƙin ɓera a jikin farin ɓera ta kama, alhali alƙalamin tawada ya sa ya baƙanta wurin. Wani ma'aikacin ɗakin gwaji ne ya goge wurin da sinadari, baƙin ya fita. A 1981 kuma abokan aikin John Darsee, wani matashin likitan zuciya a Jami'ar Harvard, suka gan shi yana liƙa wa awon da ya ɗauka cikin 'yan sa'o'i kwanakin wata dabam-dabam, kamar an yi kwanaki ana ɗauka. Bincike ya nuna cewa ya daɗe yana wannan ɗabi'a tun kafin zuwansa Harvard, aka janye maƙalunsa masu yawa.

Wani lokaci ƙagen kan yi girman da hankali ba zai ɗauka ba. A 2005 The Lancet ta buga maƙalar Jon Sudbø, ɗan ƙasar Norwe, a kan sankarar baki, wadda aka ce ta ƙunshi mutum 908. Da aka bincika sai aka tarar duk ƙirƙirarru ne, har 250 daga cikinsu ranar haihuwarsu ɗaya. Game da ɓarnar da irin wannan ke yi wa majiyyata kuwa, labarin Joachim Boldt ya isa misali. Shi likita ne a Jamus, ƙwararre a fannin sa majiyyaci barci domin tiyata, ya kuma yi rubuce-rubuce masu yawa yana yabon wani ruwan sitaci da ake ƙara wa marasa lafiya ta jijiya. Asirinsa ya fara tonuwa a 2010. A 2013 wasu masana suka tattara gwaje-gwajen da aka yi a kan wannan ruwa, suka ga cewa idan aka cire guda bakwai na Boldt daga lissafi, sai ya bayyana ruwan yana ƙara yawan mace-mace da lalacewar ƙoda ga masu tsananin ciwo. Watau maƙalun mutum ɗaya sun rufe illar da ta kamata a gani tun da wuri.

3.2 Satar Fasaha da Maimaita Bugu

Satar fasaha ita ce mutum ya ɗauki kalmomin wani, ko tunaninsa, ko alkalumansa, ya gabatar a matsayin nasa ba tare da ambaton mai su ba. Wannan laifi malamanmu sun san shi sarai, domin suna cin karo da shi a kundayen ɗalibai. Wanda ba a cika ɗauka da nauyi ba shi ne maimaita bugu, watau mutum ya buga bincike ɗaya a mujallu biyu ko uku, ya ɗan sauya take da jerin sunaye. Akan ɗauka cewa tunda kayansa ne, babu wanda ya cuta. A likitanci kuwa cutar a bayyane take, domin mai tattara gwaje-gwaje zai ƙirga majiyyatan nan sau biyu. A 1997 wasu masana suka duba gwaje-gwajen da aka buga a kan wani maganin hana amai bayan tiyata mai suna ondansetron, suka tarar 17 cikin 100 na rahotannin maimaici ne, kuma shigar da su cikin lissafi ya kumbura ƙarfin maganin da kashi 23 cikin 100. Tun 1969 Franz Ingelfinger, editan New England Journal of Medicine, ya kafa dokar cewa mujallarsa ba za ta karɓi aikin da aka riga aka buga a wani wuri ba, sauran mujallu kuma suka bi sahu.

3.3 Sunan Kyauta da Marubucin Ɓoye

Al'ada ce a sassan jami'o'i da yawa a sa sunan shugaban sashe ko wani babban malami a kan maƙala, ko da bai taɓa aikin ba, domin girmamawa ko neman alfarma. Abin da ya faru a Landan a 1994 ya nuna haɗarin wannan al'ada. Malcolm Pearce, likitan mata a asibitin St George's, ya buga rahoton cewa ya ɗauko cikin da ya zauna a wajen mahaifa, ya mayar da shi cikin mahaifa, har matar ta haihu lafiya. Da abokan aikinsa suka nemi matar, sai aka tarar babu ita. A cikin sunayen marubutan akwai na shugaban sashensa, Farfesa Geoffrey Chamberlain, wanda shi ne editan mujallar da ta buga rahoton, kuma shugaban ƙungiyar likitocin mata ta ƙasar. Bai san rahoton ƙarya ba ne, sunansa kurum ya bayar, amma duk da haka sai da ya sauka daga muƙaman biyu. Pearce kuma aka soke sunansa daga rajistar likitoci a 1995. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Wanda ya yarda a sa sunansa ya ci ribar maƙala, to ya ɗauki alhakin abin da ke cikinta.

Kishiyar wannan shi ne marubucin ɓoye. A nan kamfanin magani ne ke ɗaukar ƙwararren marubuci ya tsara maƙala yadda kamfanin ke so, sa'an nan a nemi wasu fitattun malaman jami'a su sa sunayensu, shi kuwa wanda ya rubuta ba a ambace shi ba. Mai karatu sai ya ɗauka maganar malamai yake karantawa, alhali maganar mai sayar da kaya ce.

3.4 Ɓoye Maslaha

Ba laifi ba ne kamfani ya biya kuɗin bincike, domin yawancin gwaje-gwajen sababbin magunguna da kuɗin kamfanoni ake yin su. Laifin shi ne mai bincike ya ɓoye cewa yana da abin da zai samu idan sakamakon ya karkata wata fuska. Babu misalin da ya kai na Andrew Wakefield. A watan Fabrairu na 1998 The Lancet ta buga maƙalarsa tare da wasu mutum 12, a kan yara 12, wadda ta jawo zargin cewa allurar rigakafin ƙyanda da hangum da ƙyandar Jamus, wadda ake yi a haɗe, tana da alaƙa da larurar galahanga. A taron 'yan jarida Wakefield ya nemi a dakatar da allurar haɗen. Iyaye suka tsorata, yawan yaran da ake yi wa allurar a Ingila ya faɗo daga kimanin 92 cikin 100 zuwa kimanin 80 cikin 100 a wajejen 2003, kuma a 2008 hukumomin lafiya suka bayyana cewa ƙyanda ta sake zaunawa a ƙasar.

A 2004 wani ɗan jarida mai suna Brian Deer ya fallasa cewa Wakefield ya karɓi kuɗi ta hannun lauyan da ke shirin kai kamfanonin allurar ƙara, bai kuwa gaya wa mujallar ba. A wannan shekara mutum 10 daga cikin marubutan 13 suka janye fassarar da aka yi wa sakamakon. Amma sai a watan Fabrairu na 2010 The Lancet ta janye maƙalar ɗungurungum, a watan Mayu kuma aka soke sunansa daga rajistar likitoci. A 2011 British Medical Journal ta nuna cewa an jirkita bayanan yaran. Manyan bincike da aka yi a kan dubban ɗaruruwan yara ba su sami wata alaƙa tsakanin allurar da galahanga ba. Shekara 12 ke nan maƙalar ta yi tana zaune a matsayin ingantacciya.

3.5 Danne Sakamako

Akwai maguɗin da ba a rubuta ƙarya ko ɗaya a cikinsa, sai dai a yi shiru. Idan aka yi gwaji goma a kan magani, biyar suka nuna yana aiki, biyar suka nuna ba ya yi, sa'an nan aka buga biyar na farko aka kulle sauran a cikin durowa, to likitan da ke karanta mujalla zai ga magani marar aibu. A 2008 Erick Turner da abokansa suka duba gwaje-gwaje 74 na magungunan ciwon damuwa waɗanda aka yi wa rajista a hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka. Daga cikin 38 da suka yi kyau, an buga 37. Daga cikin 36 da ba su yi kyau ba ko suke da shakka, 22 ba a buga su ba sam, 11 kuma an buga su ta fuskar da ke nuna kamar sun yi kyau. Haka kuma a 2005 editocin New England Journal of Medicine suka bayyana damuwa cewa maƙalar da suka buga a 2000 a kan maganin ciwon gaɓoɓi mai suna Vioxx ba ta ƙunshi bugun zuciya uku da suka sami masu shan maganin ba. A lokacin an riga an janye maganin daga kasuwa tun watan Satumba na 2004.

3.6 Keta Haƙƙin Waɗanda Ake Gwaji a Kansu

Alkaluma na iya zama gaskiya, amma hanyar da aka samo su ta zama zalunci. Bayan shari'ar likitocin Jamus na zamanin Hitila, aka fitar da Ƙa'idar Nuremba a 1947, wadda ta ɗora yardar mutum a matsayin sharaɗi na farko. A 1964 Ƙungiyar Likitoci ta Duniya ta fitar da Sanarwar Helsinki, wadda aka yi ta sabuntawa har zuwa 2024. Daga cikin tanade-tanadenta akwai cewa kwamitin ɗa'a mai zaman kansa ya duba bincike kafin a fara shi, kuma bai kamata mujalla ta karɓi rahoton binciken da ya saɓa wa sanarwar ba.

Wannan batu ya taɓa ƙasar Hausa kai tsaye. A lokacin annobar sanƙarau ta 1996, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Kano cikin wani gwaji da ya ƙunshi yara kimanin 200, inda 11 suka rasu, biyar daga cikin waɗanda aka ba Trovan, shida daga cikin waɗanda aka ba ɗaya maganin. Bayan rahoton jaridar Washington Post na ƙarshen 2000, ya bayyana cewa takardar amincewar kwamitin ɗa'a da aka gabatar an rubuta ta ne bayan an gama gwajin, aka sa mata kwanan wata na baya. Iyaye da dama sun ce ba a sanar da su cewa gwaji ake yi ba. Kamfanin ya musanta aikata laifi, amma a 2009 ya yi sulhu da gwamnatin Jihar Kano a kan dala miliyan 75. A 2007 Nijeriya ta fitar da kundin ƙa'idojin ɗa'ar binciken lafiya na ƙasa. Darasin da edita zai ɗauka a nan shi ne, takardar izini ma abar bincike ce.

4.0 Dalilan da ke Haddasa Maguɗi

In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Babban dalili shi ne yadda jami'o'i ke auna malami da yawan abin da ya buga. Ƙarin girma, da kuɗin bincike, da muƙami, duk sun rataya a kan ƙidayar maƙalu, kuma sau da yawa masu ƙidayar ba su karanta abin da suke ƙirgawa. Dalili na biyu shi ne kuɗin da ke cikin cinikin magunguna, inda maƙala ɗaya a babbar mujalla kan buɗe kasuwar miliyoyi. Na uku shi ne son da mujallu ke yi wa sakamako mai ban mamaki, domin shi ke jawo masu karatu da 'yan jarida. Na huɗu kuma shi ne tsoro: ƙaramin ma'aikaci ko ɗalibi shi ya fi kowa ganin abin da ke faruwa a ɗakin gwaji, amma makomarsa na hannun wanda zai kai ƙara.

Wannan matsi ya haifar da kasuwa. Akwai mujallun bogi masu karɓar kuɗi su buga kome ba tare da tantancewa ba. A 2013 John Bohannon ya aika da wata maƙala da ya cika da kurakurai da gangan zuwa mujallu 304, guda 157 suka karɓa. Akwai kuma kamfanoni masu ƙera maƙalu suna sayar da gurbin suna. Malaman da ke jami'o'in da ba su da wadatar kuɗin bincike, kuma ake matsa musu lamba su buga a ƙasashen waje, su ne suka fi saurin faɗawa wannan tarko.

Dangane da yawan abin, a 2009 Daniele Fanelli ya tattara binciken da aka yi ta hanyar tambayar masana, ya ga kimanin 2 cikin 100 sun amsa da bakinsu cewa sun taɓa ƙage ko jirkita sakamako. A 2012 kuma aka nazarci maƙalu 2,047 da aka janye a fannin likitanci da kimiyyar halittu, aka tarar kimanin kashi biyu cikin uku maguɗi ne ya sa aka janye su, kuskure kuwa kimanin kashi ɗaya cikin biyar.

5.0 Matakan Rigakafi

5.1 Ƙa'idojin Editoci

A 1978 wasu editocin mujallun likitanci suka taru a birnin Bankuba na Kanada domin daidaita tsarin rubutun da ake aiko musu. Wannan taro shi ya zama kwamitin editocin mujallun likitanci na duniya, wanda aka fi sani da ICMJE. A hankali ƙa'idojinsa suka wuce batun tsari suka shiga batun ɗa'a. Sharuɗɗansa na zama marubuci huɗu ne: mutum ya ba da gudummawa mai tsoka wajen tsara binciken ko tattara bayanai ko nazarinsu, ya rubuta maƙalar ko ya yi mata gyara mai ma'ana, ya amince da kwafin ƙarshe, ya kuma yarda zai amsa tambaya a kan kowane ɓangare na aikin. Sharaɗi na huɗu an ƙara shi ne a 2013, kuma da shi ne aka kafa hujja a 2023 cewa manhajar kwamfuta mai ƙirƙirar rubutu ba za ta zama marubuciya ba, tunda ba ta iya ɗaukar alhaki. Dokar bayyana maslaha kuwa, New England Journal of Medicine ce ta fara kafa ta a 1984. A 1997 wasu editoci a Ingila suka kafa kwamitin ɗa'ar ɗab'i mai suna COPE, inda edita ke kawo matsalar da ta ɗaure masa kai, ba tare da ambaton suna ba, a ba shi shawara.

5.2 Tantancewar Ƙwararru da Iyakarta

Mutane da yawa sun ɗauka cewa duk abin da ƙwararru suka tantance ya tsarkaka. Gaskiyar magana ita ce, mai tantancewa takarda yake gani, ba ya ganin majiyyata ko littafin ɗakin gwaji, kuma yakan fara ne da kyautata zato. A wata maƙalar Darsee akwai zanen salsalar wani iyali da ya nuna saurayi ɗan shekara 17 yana da 'ya'ya huɗu, babbansu shekara 8, amma ta wuce editoci da masu tantancewa ba wanda ya lura. A watan Mayu na 2020 The Lancet ta buga maƙala a kan maganin hydroxychloroquine da cutar korona, wadda aka ce ta dogara da bayanan majiyyata kimanin 96,000 daga asibitoci 671, waɗanda wani ƙaramin kamfani mai suna Surgisphere ya ce ya tattara. Cikin kwana uku Hukumar Lafiya ta Duniya ta dakatar da gwajin da take yi a kan maganin. Masu karatu ne suka lura cewa alkaluman ba su dace da na hukumomin ƙasashe ba, kamfanin kuma ya ƙi miƙa bayanan a bincika, aka janye maƙalar ranar 4 ga Yuni. Ita kanta tantancewar akan yi mata maguɗi, inda marubuci ke ba edita sunan ƙwararre na gaskiya da adireshin ƙarya, saƙon ya dawo hannunsa ya yabi kansa. A 2017 an janye maƙalu 107 daga mujallar Tumor Biology saboda wannan.

5.3 Rajistar Gwaji Kafin a Fara

Maganin danne sakamako shi ne a san da gwajin tun kafin a san abin da zai haifar. A 2004 ICMJE ya sanar cewa daga 2005 mujallunsa ba za su buga gwajin da ba a yi masa rajista a bainar jama'a kafin ɗaukar majiyyaci na farko ba. A cikin rajistar mai bincike zai faɗi abin da zai auna da yawan mutanen da zai ɗauka. Da haka, gwajin da ya ɓace za a san ya ɓace, wanda kuma ya sauya ma'auni a tsakiyar hanya za a gane shi. Afirka na da nata rajistar, wadda ke Afirka ta Kudu, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita a 2009.

5.4 Binciken Alkaluma da Hotuna

Ramin ƙarya ƙurarre ne, domin alkaluman da mutum ya ƙirƙira ba su warwatsuwa yadda na gaskiya ke yi. A 2012 John Carlisle, wani likita a Ingila, ya nazarci gwaje-gwaje 168 na Yoshitaka Fujii na Japan, ya nuna ta hanyar lissafi cewa daidaituwar alkalumansu ta wuce abin da zai faru bisa sa'a. A wannan shekara ƙungiyar likitocin fannin a Japan ta yanke hukuncin cewa maƙalunsa 172 ƙage ne. A 2016 Elisabeth Bik da abokanta suka duba maƙalu fiye da 20,000, suka sami hotunan da aka maimaita ba bisa ƙa'ida ba a kimanin 4 cikin 100. Ban da wannan, manyan mujallu kan shigar da rubutun da aka aiko musu cikin manhajar da ke kwatanta shi da abin da aka riga aka buga, domin kama satar fasaha.

5.5 Janye Maƙala

Idan rigakafi ya kasa, sai gyara. Ƙa'idar COPE ta 2009 ta tanadi cewa sanarwar janyewa ta faɗi dalili a fili, ta bambance kuskure da maguɗi, a liƙa ta ga maƙalar, kuma kowa ya iya karanta ta kyauta. Manufar janyewa ita ce tsabtace taskar ilmi. Hukunta mai laifi kuwa aikin jami'arsa ne da hukumar likitoci, domin edita ba shi da ikon ƙwace littattafan ɗakin gwaji ko kiran shaidu. Marubucin da ya gano kuskurensa ya nemi a janye aikinsa abin yabo ne, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Tun 2010 shafin Retraction Watch ke bibiyar maƙalun da aka janye, kuma a shekarar 2023 kaɗai an janye fiye da 10,000 a fannonin ilmi dabam-dabam. Matsalar da ta rage ita ce, maƙalar da aka janye takan ci gaba da yawo, marubuta suna kafa hujja da ita ba tare da sun san matsayinta ba.

6.0 Kammalawa

Daga misalan da aka kawo za a lura cewa ba safai masu tantancewa ke kama maguɗi ba. Wanda ya tona Summerlin ma'aikacin ɗakin gwaji ne, waɗanda suka tona Darsee da Pearce abokan aiki ne, wanda ya tona Wakefield ɗan jarida ne, waɗanda suka tona Surgisphere masu karatu ne. Saboda haka duk tsarin da bai kare ƙaramin ma'aikaci mai faɗin gaskiya ba, bai kuma buɗe bayanan bincike ga mai son dubawa ba, to ƙa'idojinsa za su tsaya a takarda.

Alhakin kuwa a rabe yake. Marubuci ya adana bayanansa na asali, kada ya sa suna a kan abin da ba zai iya karewa ba. Edita ya nemi lambar rajista da takardar izini, ya kuma amsa ƙorafi ko da a kan babban mutum ne. Jami'a ta koyar da ɗa'ar bincike tun daga matakin digiri na biyu, kwamitin ƙarin girma kuma ya karanta maƙalu biyar na malami da idon basira maimakon ya ƙirga hamsin. Malamanmu na zaure ba su karɓar ruwaya sai sun tambayi daga wa aka ji ta, kuma wane ne shi wajen riƙon amana. Tambayar nan ce dai ya kamata ɗalibi ya yi wa kowace maƙala kafin ya kafa hujja da ita a kundinsa: wa ya yi binciken, wa ya biya kuɗinsa, ina bayanan suke, kuma ko an janye ta.